MASU JIRAN AIKI A BAKIN KASUWA

Karatu: Matiyu 20:1-16



Cikin misalan da Ubangijinmu Yesu Kristi ya bayar, akwai wanda muka ji sau da yawa har muka daina ganin mutanen da ke cikinsa. Shi ne misalin mai gonar inabi da ya fita neman 'yan ƙodago. Duk sa'ad da aka karanta shi a Misa, hankalinmu yakan ruga ga gardamar da ta tashi da maraice wajen biyan lada, lokacin da waɗanda suka sha rana tun safe suka ga an ba na ƙarshe daidai da abin da aka ba su. Wannan gardama tana da nata darasi, amma yau muna so mu koma bakin kasuwa, wurin mutanen da suka wuni a tsaye.

Bari mu tuna yadda abin ya gudana. Mai gona ya fita da asuba ya ɗauki waɗansu, ya koma da hantsi, ya koma da tsakar rana, ya koma wajen ƙarfe uku, sa'an nan ya sake komawa wajen ƙarfe biyar na yamma, saura sa'a ɗaya kawai a tashi aiki. A wancan zamani dinari ɗaya shi ne ladan wuni guda, watau abin da zai ɗora tukunyar gida a daren nan. To, wane irin mutum ne zai kasance a bakin kasuwa har ƙarfe biyar? Rago dai tun tsakar rana ya nemi inuwa ya kwanta. Wannan kuwa mutum ne da ya ga an zaɓi na damansa an zaɓi na hagunsa, an yi ta wuce shi, ya wuni yana lissafin mudun dawa a zuciyarsa, yana tunanin da wace fuska zai shiga gida, duk da haka ya ƙi tafiya. Da mai gona ya tambaye su dalilin zamansu, suka gaya masa gaskiya, cewa ba a ɗauke su ba ne. Bai musa musu ba, bai kuma yi musu wa'azi a kan ƙwazo ba. Ya tura su gona, da maraice kuma da su aka fara biya, aka ba su ladan wuni cikakke.

Ba sai mun je ƙasar Yahudiya ba kafin mu ga wannan kasuwa. Tana nan a Kwanar Ɗangora, inda samari ke jiran motar da za a yi wa lodi. Tana nan a bakin gonakin rani na Kadawa, waɗanda ke shan ruwan madatsar Tiga da aka gama ginawa a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, inda mutanenmu maza da mata ke zuwa dashen shinkafa da tsinkar tumatir, yau a samu gobe a rasa. Akwai kuma wata kasuwa da ba a gani da ido, wadda ke cikin ƙirjin waɗanda suka riga suka shiga gona. Malamar makarantar kuɗi da ba ta san ko za a kira ta a zango mai zuwa ba, ma'aikacin wucin gadi da ya shekara biyar yana jiran takardar tabbatarwa, mai gadi, direba, yarinyar da ke zaune a rumfar POS da kuɗin wani a hannunta, waɗannan duka suna da aiki, amma zuciyarsu tana tsaye a bakin kasuwa kowace safiya. Idan shugaba ya wuce bai amsa gaisuwa ba, sai gaba ya faɗi. Idan aka kira taron gaggawa, sai barci ya ƙaurace. Ga aiki ya yi yawa, gama an sallami mutum biyu an ɗora wa ɗaya nauyinsu, shi kuma ba shi da bakin magana domin ya san akwai goma a ƙofa suna jiran kujerarsa.

Dattawanmu na Doguwa sun san wannan tun kafin mu. Riruwai gari ne da kuza ta raya, mutane suka zo daga nesa suka kafa gidaje a gindin duwatsunta. A 1985 farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya, can a birnin Landan, aikin kamfanonin kuza kuwa ya durƙushe a ƙasar nan, ba tare da an tambayi masu haƙa ba. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin nan da ake kira SAP, darajar Naira ta zube, albashi ya zama abin da ba ya kai tsakiyar wata. Daga shekarun 1990 masaƙu da sauran masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yanmu da suka tafi birni da murna suka komo gida da akwati ɗaya. Masana'antar tumatir da aka buɗe a Kadawa a 2016 ta sha rufewa da buɗewa saboda ƙarancin tumatir, a shekarar nan ce kuma tsutsa ta cinye gonaki da yawa. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki Naira, a 2024 kuma hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. Gaskiya ne cewa a watan Yulin 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa Naira 70,000, Jihar Kano kuma ta yanke 71,000 ga ma'aikatanta. Amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, yawancin mutanenmu kuwa a irin waɗannan ƙananan wurare suke aiki, ko a gonar wani.

Mun kawo wannan tarihi domin dalili ɗaya. Mutumin da aikinsa ya girgiza yakan nemi mai laifi kusa da shi. Ko ya ɗora wa kansa, ya ce shi ba kome ba ne, ko ya ce Allah ya yi fushi da shi, ko ya ce abokin aikinsa ne ya yi masa asiri. Daga nan sai a kama hanyar gidan boka, ko wurin masu sayar da mai da addu'a, ɗan abin da ya rage a aljihu ya tafi can, zumuncin shekara ashirin kuma ya lalace a kan zato. Iskar da ta rufe masaƙa ba ta tambayi addinin masaƙi ba. Maƙwabtanmu Musulmi sun komo gida da akwati ɗaya kamar yadda namu suka komo. Mun sani waɗansunku suna ɗauke da ƙarin wata damuwa, cewa sunan baftisma a kan takarda zai hana su samun aiki ko ƙarin girma. Inda aka yi wa mutum haka, zalunci ne, kada kuma a yi shiru, a kai maganar ga Fada da hukumar Adalci, Ci Gaba da Zaman Lafiya ta dayosis, wadda muka sani da JDPC. Sai dai kada wannan ya zama amsar kowace tambaya, har ya haifa mana ƙiyayya ga mutanen da muke shan ruwan rijiya ɗaya da su.

Yanzu ga maganar da muke so ta shiga kunnen kowa. Jin tsoron rasa aiki ba zunubi ba ne, ba kuma shaidar ƙarancin bangaskiya ba ce. Mun lura akwai masu saurin jawo Matiyu sura 6, inda Ubangiji ya nuna tsuntsaye da furannin jeji ya hana mu alhinin gobe, su mayar da ita sanda su doki mai damuwa da ita. Sau da yawa mai jawo ayar shi ne wanda rumbunsa ke cike. Wanda ya yi wannan koyarwa masassaƙi ne da ya san ranar da ba ciniki, ga talakawa kuma ya yi ta, domin ya sauke musu kaya. Shi da kansa a gonar Getsamani baƙin ciki ya danne shi har gumi ya yi ta zuba, ya kuma roƙi almajirai uku su zauna kusa da shi. Idan Ɗan Allah bai ji kunyar cewa ransa yana shan wahala ba, babu dalilin da zai sa magidanci a Kiru ko a Tiga ya ɓoye tasa a ƙarƙashin babbar riga.

Ku dubi kuma Annabi Iliya a littafin Sarakuna na fari, sura 19. Bayan babban aikin da ya yi a Dutsen Karmel, sarauniya Yezebel ta aika masa da barazana, ya gudu jeji, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi mutuwa. Me Allah ya fara yi masa? Ya bar shi ya yi barci. Ya aiko mala'ika da gurasa da tulun ruwa, ya ci ya sha ya sake kwanciya, aka sake tashinsa ya ci. Sai bayan tafiyar kwana arba'in, a Dutsen Horeb, aka yi magana da shi, cikin murya marar ƙarfi, aka kuma ba shi Elisha ya zama mataimakinsa. Barci, abinci, sa'an nan magana, sa'an nan abokin aiki. Allah ya san jikin da ya halitta. Mu ne muke tsammani za mu iya kwana uku ba barci, mu sha shayi kawai mu fita, sa'an nan mu yi mamaki da addu'a ta ƙi zama a bakinmu.

Damuwa tana da alamunta a jiki, ya kamata kuma mu san su: rashin barci, bugun zuciya, ciwon kai da ba ya jin magani, ƙin abinci, saurin fushi, mantuwa a wurin aiki. Hawan jini yakan shigo ba sallama, saboda haka duk wanda ya wuce shekara arba'in ya riƙa zuwa a auna shi. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa kowace shekara ana asarar ranakun aiki biliyan 12 a duniya saboda ciwon damuwa da fargaba. Ciwo ne da likitoci suka sani, yana kuma da magani. Idan abin ya kai makonni, ko mutum ya fara cewa gara mutuwa, kada a tsaya a kan addu'a kaɗai, kada kuma a bar shi shi ɗaya. A kai shi babban asibiti mafi kusa, daga can a iya tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau. Ƙasarmu ma ta sake dokarta a kan wannan, gama a watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa. Zuwa wurin likita ba ya rage wa Rosari daraja.

Akwai maganin ƙarya da ya shiga cikinmu, dole mu ambace shi. Samari masu aikin ƙarfi suna shan tiramadol domin su yi aikin mutum biyu, su manta da gajiya. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma kwalabe ba su ɓace ba. Manya kuma suna da nasu, wato zaman burkutu tun daga tashi aiki har dare. Duk waɗannan rance ne daga jikin gobe, mai bin bashin kuwa ba ya yafewa. Wanda ya sha ƙwaya domin kada a kore shi, ƙwayar ce takan kore shi a ƙarshe.

A cikin gida kuma, ya ku magidanta, ku gaya wa matanku gaskiya. Mun san gidajen da maigida ya yi wata biyu yana fita da safe da jakarsa, alhali an riga an sallame shi, yana cin bashi domin ya rufe asiri. Uwargida tana ganin fushi ba ta san mafarinsa ba, yara suna shan tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. A gaban bagadi kuka yi alkawarin zama tare cikin daɗi da wuya, to wannan ita ce wuyar. Macen da aka gaya mata da wuri ta san yadda za ta ja hatsi ya kai, ta san akuyar da za a sayar da wadda za a bari. Ku kuma mata, idan ya buɗe baki, kada kalmar farko ta zama gori. Haka nan inda mace ce ke ɗauke da gida da albashinta ko sana'arta, kada a bar ta ta dawo daga aiki ta tarar da dukan aikin gida yana jiranta, maigida kuwa yana gindin bishiya. Ranar Lahadi kuma a huta da gaske. Allah ya ba Isra'ilawa manna ninki biyu a rana ta shida domin kada tsoron yunwa ya hana su hutu a ta bakwai.

Ikilisiya ta daɗe tana magana a kan ma'aikaci. A 1891 Paparoma Leo na 13 ya rubuta wasiƙar Rerum Novarum, ya kare hakkin ma'aikaci na samun ladan da zai riƙe shi da iyalinsa, da hakkinsa na shiga ƙungiya. A 1981 Paparoma Yohanna Bulus na 2, wanda shi kansa ya yi aikin fasa dutse a ƙasar Folan yana saurayi, wanda kuma ya zo Kaduna a 1982, ya rubuta Laborem Exercens, inda ya koyar cewa darajar kowane aiki daga mutumin da ke yin sa take fitowa. Paparoma Leo na 14, da aka zaɓa a watan Mayun 2025, ya bayyana cewa ya ɗauki sunan ne yana tunawa da Leo na 13 da halin ma'aikata a zamanin sababbin na'urori. Ma'anar wannan koyarwa a gare mu ita ce, takardar sallama tana iya karɓe kujera da albashi, amma hannunta ba ya kaiwa ga abin da aka ba mutum ranar baftismarsa.

Bangaskiya kuma ba ta hana sanin doka. Dokar ƙwadago ta ƙasarmu ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya cika wata uku. Ta ce kafin a sallame shi a ba shi sanarwa: mako ɗaya idan ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya idan ya kai shekara biyar. Akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a Kano. Ku adana takardunku, ku rubuta ranar da kuka fara aiki da abin da aka biya ku. Wanda ke da albashi kuma kada ya saki gonar gado, kada ya raina sana'ar hannu. Manzo Bulus ɗinkin tanti yake yi yana wa'azi.

Sai mu juya ga waɗanda ke tsaye a matsayin mai gona, gama suna cikinmu, a kujerun gaba ma suke zama. Wanda ya ɗauki mutane noma ko girbin masara a Doguwa, mai injin casar shinkafa a Tudun Wada, mai makaranta, mai shago, uwargidan da ke da yarinyar aiki, dukanku Littafi Mai Tsarki ya yi magana da ku. Littafin Firistoci 19:13 ya hana ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannun mai aiki. Wasiƙar Yakubu 5:4 ta nuna cewa ladan da aka danne yana da murya, Allah kuma yana jin ta. Katekizim na Ikilisiya ya lissafa zaluntar ma'aikaci cikin zunuban da ke kuka zuwa sama. Ku biya a ranar da kuka ce. Idan kasuwa ta ƙi har dole a rage mutane, ku faɗa da wuri, fuska da fuska, ku biya abin da ya rage. Kada ku mulki mutane da barazanar kora kowace safiya. Wannan magana ta shafi Ikilisiya ma, domin ita ma tana ɗaukar ma'aikata. Katikis, malaman makarantunmu, mai dafa abincin gidan Fada, mai gadin majami'a, kada a ce musu aikin Allah ne a bar su wata uku ba a biya ba. Kwamitin kowace majami'a ya buɗe littafinsa ya duba, idan akwai bashin ma'aikaci, a biya shi kafin a sayi fenti.

Abin da ya fi ba mu mamaki a misalin nan shi ne yawan komawar mai gona. Sau biyar ya je kasuwa. Da ƙarfe biyar na yamma aikin sa'a ɗaya ba zai ƙara masa wani abin kirki ba, ya koma ne domin akwai sauran mutane a can. Wannan komawa ita ce aikin da aka bar wa kowace majami'a tamu. Wanda ya rasa aiki yakan fara da zama a kujerar baya, daga nan ya daina zuwa, domin ba shi da abin sa wa a baiko, yana kuma tsoron ranar godiyar kaka da ake kiran sunaye da adadi a lasifika. Muna roƙo a sassauta wannan al'ada ta kiran adadi, ta kori mutane fiye da yadda muke zato. Zumuntar Maza su san wanda bai zo ba mako uku, su taka su je gidansa, ba da tambayoyi masu yawa ba. Zumuntar Mata Katolika sun riga mu da adashi, sai su ware wani kaso na rance marar ruwa ga wadda mijinta ko ita kanta ta rasa aiki. Kakanninmu sun bar mana gayya, a tashe ta domin gonar wanda ya komo daga birni ba shi da kuɗin ƙodago. Mai sana'a, tela ko makaniki ko birkila, ya ɗauki yaro ɗaya ya koya masa. Wanda ya ji labarin gurbin aiki ya kawo shi majami'a a sanar, kada ya ɓoye wa ɗan ɗakinsa kaɗai.

Ranar 1 ga Mayu ita ce idin Waliyi Yusufu Ma'aikaci, wanda Paparoma Piyus na 12 ya kafa a 1955. Yusufu ya san abin da muke magana a kai, gama cikin dare ɗaya ya bar wurin zamansa ya gudu Masar da Maryamu da Jariri, ya je ya nemi abinci da hannunsa a ƙasar da ba a san shi ba. Muna ba da shawara cewa a wannan rana kowa ya zo Misa da abin aikinsa a sa masa albarka, fartanya ko alli ko almakashi ko makullin babur. Waɗanda ba su da aiki a yanzu su ma su zo, su tsaya a layi ɗaya da sauran, su miƙa hannuwansu. Kafin ranar, katikis na kowane ƙauye ya tattara sunayensu a asirce ya ba Fada, a ajiye takardar a kan bagadi lokacin hadaya ba tare da an karanta ta a fili ba. Bayan Misa kwamiti ya zauna da takardar, a bi sunayen ɗaya ɗaya, a rubuta a gefen kowane suna wanda zai ziyarce shi cikin makon.